Tambayoyin Ciro Natija a Jarrabawar GMAT da Darasin da Ke Cikinsu ga Koyar da Auna Fahimta

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala ta ƙunshi bayani a kan nau'i ɗaya daga cikin tambayoyin jarrabawar GMAT, wadda makarantun koyon kasuwanci da gudanarwa a ƙasashe da dama suke amfani da ita wajen tantance masu neman shiga digiri na biyu. A wannan nau'i ana ba ɗalibi 'yan jimloli, a ce ya ɗauke su a matsayin gaskiya, sannan a nemi ya zaɓo maganar da lalle ta zama gaskiya a dalilinsu. Mun kira shi tambayar ciro natija. Kalmar natija kuwa mun aro ta ne daga malaman manɗiƙi, waɗanda suke kiran abin da hujja ta haifar da wannan suna.

Mai karatu yana iya tambayar abin da ya haɗa malamin Hausa da jarrabawar da aka tsara a Amurka, ake kuma rubuta ta da Ingilishi. Abin da ya haɗa su shi ne ƙwarewar da tambayar take aunawa. Ba ta bukatar sanin kasuwanci ko kaɗan. Bukatarta ita ce mai karatu ya gane iyakar abin da marubuci ya faɗa, ya kuma iya tsayawa a kan wannan iyaka ba tare da ya cusa nasa ba. A manhajar Hausa ta firamare da sakandare, darasin da ya fi dacewa da gina wannan ƙwarewa shi ne auna fahimta. Idan darasin bai gina ta ba, yaro zai taso yana iya karanta takardar yarjejeniya ko sanarwar gwamnati tiryan-tiryan, amma ya kasa bambance abin da takardar ta tabbatar da abin da shi ya raya a zuciyarsa. Saboda haka za mu bayyana yadda tambayar take, da kalmomin da take dogara a kansu, da dalilan da ke sa ana faɗuwa a kanta, sannan mu kawo shawarwari ga malamai da masu tsara manhaja.

2.0 Jarrabawar GMAT a Taƙaice

Tushen jarrabawar ya samo asali ne a shekarar 1953, lokacin da wakilan makarantun kasuwanci 9 na jami'o'in Amurka suka haɗa kai da hukumar shirya jarrabawa ta ETS domin samar da ma'auni ɗaya na tantance ɗalibai. An fara rubuta ta a 1954 da wani suna daban, sai a 1976 aka raɗa mata sunan GMAT. Hukumar GMAC ce take mallakar ta. A 1997 aka mayar da ita kan kwamfuta bisa tsarin da ke sa wahalar tambayar da za a ba ɗalibi ta danganta da yadda ya amsa waɗanda suka gabace ta.

A watan Nuwamba na 2023 aka ƙaddamar da sabon tsari, aka kuma rufe tsohon a ƙarshen Janairun 2024. A sabon tsarin jarrabawar tana da sassa 3, kowane na minti 45. Sashen lissafi yana da tambayoyi 21, sashen harshe yana da 23, sashen nazarin bayanai da alƙaluma kuma yana da 20. Jimla tambayoyi 64 ke nan cikin awa 2 da minti 15, kuma makin yana kamawa daga 205 zuwa 805. An cire rubutun insha'i da tambayoyin gyaran jimla waɗanda suke cikin tsohon tsarin. Abin da ya rage a sashen harshe shi ne fahimtar dogon nassi da kuma tantance gajeruwar hujja, kuma tambayar ciro natija tana fitowa a dukkan biyun. Idan aka raba minti 45 ga tambayoyi 23, za a ga ɗalibi ba shi da cikakken minti 2 ga kowace tambaya. Wanda bai saba da irin wannan tunani tun da wuri ba, ba a zauren jarrabawa zai koye shi ba.

3.0 Yanayin Tambayar Ciro Natija

A sashen tantance hujja akwai tambayoyi iri-iri. Akwai wadda ke neman abin da zai ƙarfafa hujja, da wadda ke neman abin da zai raunana ta, da wadda ke neman ɓoyayyen zaton da marubuci ya ɗora hujjarsa a kai. A dukkan waɗannan, marubuci ya riga ya kawo dalilansa ya kuma yanke hukuncinsa, aikin ɗalibi shi ne ya auna ko dalilan sun isa. Amsar da ta dace takan shigo da sabon bayani daga wajen nassin.

Tambayar ciro natija ta saɓa wa wannan. Sau da yawa nassinta ba shi da hukunci, jerin bayanai ne kawai. Ba a tuhumar bayanan, ana karɓar su yadda suke. Abin tuhuma shi ne amsoshi 5 da aka jera a ƙasa, kuma duk wadda ta shigo da sabon bayani ta faɗi. Akan gina tambayar da lafazi irin su “idan bayanan da ke sama gaskiya ne, wanne ne dole ya zama gaskiya”, ko kuma “wanne ne bayanan da ke sama suka fi goyon baya”. Lafazi na biyu ya ɗan fi sassauci, amma hanyar warware su ɗaya ce.

3.1 Misali

Ga misalin da muka tsara da Hausa bisa wannan fasali:

A wani kamfanin sarrafa shinkafa, duk ma'aikacin da ya cika shekara 5 yana aiki ana ba shi rancen gida. Wasu daga cikin direbobin kamfanin sun cika shekara 5 suna aiki. Babu wani ma'aikacin wucin gadi da ake ba rancen gida.

Idan waɗannan bayanai gaskiya ne, wanne ne dole ya zama gaskiya?

A. Mafi yawan direbobin kamfanin ana ba su rancen gida.
B. Duk wanda aka ba rancen gida ya cika shekara 5 yana aiki.
C. Wasu daga cikin direbobin kamfanin ba ma'aikatan wucin gadi ba ne.
D. Akwai direbobin da ba a ba rancen gida.
E. Kamfanin yana ba da rancen ne domin ya riƙe ma'aikatansa.

Amsar ita ce C. Jimla ta biyu ta ce wasu direbobi sun cika shekara 5. Jimla ta farko ta ce duk wanda ya cika ana ba shi rance, don haka waɗannan direbobi ana ba su. Jimla ta uku ta kore rance daga ma'aikatan wucin gadi, don haka waɗannan direbobi ba sa cikinsu. Kowane taki ya tsaya a kan jimlar da ke cikin nassin.

Sauran amsoshin kowace da irin lahaninta. A ta ƙara gishiri, domin nassin “wasu” ya ce, bai ce “mafi yawa” ba. B ta juya jimlar farko baya, alhali tana yiwuwa kamfanin yana ba da rance ga wasu da ba su cika shekarun ba, kamar manyan jami'ai. D tana da kama da gaskiya, amma nassin bai ce komai a kan sauran direbobin ba. E kuwa ta fi kowace jan hankali, saboda duk wanda ya san harkar aiki zai ce dalilin ke nan. Sai dai nassin bai taɓo dalilin ba da rancen ba, kuma ba a tambayi ɗalibi abin da ya sani game da kamfanoni ba.

3.2 Gwajin Musu

Akwai hanya mai sauƙi ta tantance kowace amsa, wadda muka kira gwajin musu. Ɗalibi zai ƙaddara cewa amsar ƙarya ce, sannan ya duba ko nassin zai iya tsayawa a haka. Idan aka musa C, ma'ana dukkan direbobi na wucin gadi ne, to babu direban da ake ba rance, wanda hakan ya ci karo da jimloli biyun farko. Nassin ya rushe, don haka C wajibi ce. Idan aka musa E, aka ce kamfanin yana ba da rancen ne don wata doka ta tilasta masa, babu jimlar da ta girgiza. Duk amsar da za a iya musa ta nassi ya zauna lafiya, mai yiwuwa ce kawai, kuma mai yiwuwa ba ta cin maki a wannan tambaya.

4.0 Kalmomin da Ke Ɗauke da Nauyin Hujja

Daga misalin da ya gabata za a lura cewa ba “shinkafa” ko “rance” ko “direba” ne suka yanke hukunci ba. Da za a musanya su da wasu sunaye, amsar ba za ta sauya ba. Ƙananan kalmomi ne suka yi aikin, wato “duk” da “wasu” da “babu”. A nan ne malamin harshe yake da babbar rawar takawa.

4.1 Kalmomin Adadi

“Duk” da “kowane” ba sa barin togiya. “Babu” tana kore kowa. “Mafi yawa” a wannan jarrabawa tana nufin fiye da rabi. “Wasu” kuwa tana nufin akwai, ko da kaɗan ne, ba tare da an faɗi inda adadin ya tsaya ba.

Kalmar “wasu” ita ce ta fi rikitarwa. A hira ta yau da kullum, idan mutum ya ce wasu baƙin sun iso, mai sauraro yakan fahimci cewa akwai waɗanda ba su iso ba. Masanin falsafar harshe Paul Grice, a aikinsa da aka buga a 1975, ya bayyana dalilin haka: mai sauraro yana kyautata zaton cewa mai magana ya faɗi iyakar abin da ya sani, don haka da duka sun iso da ya ce duka. Wannan fahimta ce ta al'adar zance, kuma mai magana yana iya janye ta ba tare da ya ƙaryata kansa ba, kamar ya ce wasu sun iso, kai duka ma sun iso. Tunda ana iya janye ta, ba ta cikin abin da jimlar ta wajabta. Wannan shi ne ramin da amsar D take faɗawa.

Haɗa kalmomin adadi biyu ma yana da ƙa'ida. A ɗauka an ce mafi yawan 'yan kasuwar wani layi suna da asusun banki, mafi yawansu kuma suna ba da kaya bashi. Idan su 100 ne, masu asusu ba za su gaza 51 ba, masu ba da bashi ma haka. Jimlarsu 102 ta zarce 100, don haka dole a sami waɗanda suka haɗa biyun. Amma da “wasu” aka ce a wuraren biyu, ba a iya ciro komai, domin yana yiwuwa rukunan biyu ba su haɗu ko a mutum ɗaya ba.

4.2 Kalmomin Sharaɗi

A dubi wannan jimla: idan kuɗin mai ya tashi, kuɗin dakon kaya zai tashi. Abu biyu ake iya cirowa daga gare ta. Na farko, in an tabbatar mai ya tashi, to dako ya tashi. Na biyu, in an tabbatar dako bai tashi ba, to mai bai tashi ba. Akwai kuma abu biyu da ba a iya cirowa, ko da yake hankali yana saurin karkata gare su. Ganin dako ya tashi ba ya tabbatar da tashin mai, domin lalacewar hanya ko ƙarancin motoci suna iya jawo haka. Rashin tashin mai kuma ba ya tabbatar da cewa dako ya tsaya inda yake.

Karin maganar Hausa ya ishe mu misali. Bahaushe ya ce kowa ya ci zomo ya ci gudu. Wanda bai yi gudu ba bai ci zomo ba, wannan ya tabbata. Amma ba kowane mai gudu ne ya ci zomo ba, kuma yaro ɗan aji huɗu zai gane haka da zarar an tambaye shi.

Kalmar “sai” tana bukatar kulawa ta musamman saboda yawan ayyukanta a Hausa. Takan nuna biyo baya, kamar a “ya biya sai aka ba shi”. Takan nuna togiya, kamar a “babu kowa sai mai gadi”. Takan kuma nuna sharaɗin da ba makawa, kamar a “ba a ba da lasisi sai an biya haraji”. Wannan jimla ta ƙarshe ta tabbatar cewa duk mai lasisi ya biya haraji, amma ba ta yi wa mai biyan haraji alkawarin lasisi ba, tunda ana iya samun wasu sharuɗɗan. Haka abin yake a karin maganar da ke cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ganin ƙadangare a ciki shaida ce ta tsaga, amma bango yana iya tsagewa ƙadangare bai shiga ba. Bambancin sharaɗin da ba makawa da sharaɗin da ya wadatar yana daga cikin abubuwan da jarrabawar GMAT take yawan gwadawa, kuma ga shi a bakin kowane Bahaushe.

4.3 Kaso da Adadi

Tunda jarrabawar ta masu neman karatun kasuwanci ce, nassoshinta sukan zo da alƙaluma. Misali, a ce kason wani kamfanin siminti a kasuwa ya sauko daga kashi 40 cikin 100 zuwa kashi 30, amma yawan buhunan da yake sayarwa ya ƙaru. Mai gaggawa zai ce kamfanin ya yi asara, ko kuma ya ce bayanan biyu sun ci karo. Nassin bai yi maganar riba ko asara ba, bayanan kuma ba su ci karo ba. Abin da ya wajaba shi ne kasuwar gaba ɗaya ta faɗaɗa. Wanda ya sayar da buhu 40 cikin 100, daga baya ya sayar da 45 cikin 150, cinikinsa ya ƙaru amma kasonsa ya koma kashi 30. Kaso yana magana ne a kan rabo, adadi kuma a kan yawa, kuma ba a tsallakawa daga ɗaya zuwa ɗaya sai an san jimla.

5.0 Dalilan da Ke Sa Ana Kuskure

Kuskure a irin wannan tambaya ba alamar ƙarancin basira ba ne, domin bincike ya nuna cewa har ɗaliban jami'a suna yin sa. A 1966 masanin halayyar ɗan Adam Peter Wason na Ingila ya fito da wani gwaji na kati 4, kowane da harafi a fuska ɗaya da lamba a ɗaya fuskar. Ana iya nuna wa mutum A da K da 4 da 7, a ce masa ƙa'ida ita ce duk katin da ke da wasali a fuska ɗaya yana da lamba mai rabuwa biyu daidai a bayansa, sannan a tambaye shi katunan da dole a juya domin a gwada ƙa'idar. Amsar ita ce A da 7, domin su kaɗai ne za su iya karya ta. Mafi yawan waɗanda aka gwada sukan zaɓi A kaɗai, ko A da 4. A 1982 Griggs da Cox suka sake gwajin da dokar da ɗaliban Amurka suka sani a rayuwarsu, wato ta shekarun da aka yarda mutum ya sha barasa, sai mafi yawansu suka amsa daidai. Ƙashin tambayar bai sauya ba, suturarta ce ta zama sananniya.

Dalili na biyu shi ne rinjayen abin da mutum ya riga ya yarda da shi. A 1983 Evans da Barston da Pollard suka nuna cewa mutane sun fi saurin karɓar natijar da ta dace da abin da suka sani, ko da hujjar ba ta haifar da ita ba, sukan kuma ƙi wadda ta saɓa wa saninsu ko da hujjar ta inganta. Masu tsara tambayoyin GMAT suna amfani da wannan rauni, shi ya sa ake samun amsa irin E a misalinmu.

Dalili na uku ya fi shafar makaranta kai tsaye. A 1931 da 1932 masanin Rasha Alexander Luria ya yi bincike a ƙauyukan Uzbekistan. Ya gaya wa manoman da ba su yi karatun makaranta ba cewa a can arewa mai nisa inda ƙanƙara take, dukkan dabbobin beyar farare ne, kuma wani tsibiri da ya ambata yana can arewar, sannan ya tambaye su launin beyar na tsibirin. Da yawansu suka ƙi yanke hukunci, bisa dalilin cewa ba su taɓa zuwa wurin ba, ba za su ba da shaidar abin da ba su gani ba. Waɗanda suka ɗan yi makaranta kuwa suka amsa ba wahala. Matsayin manoman matsayi ne na mutanen kirki, mu ma muna cewa gani ya kori ji. Abin da binciken ya nuna shi ne, ɗaukar magana a matsayin gaskiya na ɗan lokaci domin a ga abin da za ta haifar ɗabi'a ce da ake koyo, kuma makaranta ce take koyar da ita.

6.0 Manɗiƙi a Karatun Ƙasar Hausa

Wannan fanni ba baƙo ba ne a tarihin iliminmu. Ƙa'idojin da Aristotle ya tsara a tsohuwar Girka sun shiga Larabci da sunan manɗiƙi, daga nan suka iso Afirka ta Yamma. Shehu Muhammad bin Abdulkarim al-Maghili, wanda ya zauna a Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), yana daga cikin masu kare wannan ilimi, har ya yi musayar baitoci da Imam Suyuɗi na Masar a kan halaccin karanta shi. Littafin Sullam na al-Akhdari, wanda aka rubuta a ƙarni na 16, ya shahara a wurin masu zurfafa karatu a wannan yanki. Daga wannan gado muka sami kalmomi irin su ƙiyasi da muƙaddima da natija da hujja da dalili. Mai tsara manhaja ba ya bukatar ƙirƙirar keɓaɓɓun kalmomi daga tushe, yana da rumbun da zai ɗiba.

7.0 Shawarwari

Duk malamin da ya saba da littattafan karatu ya san cewa da yawa daga cikin tambayoyin auna fahimta suna tsayawa ne a kan wane ne, da ina ne, da yaushe ne. Ɗalibi yana iya amsa su ta hanyar nemo jimlar ya kwafe. A jerin matakan manufofin ilimi da Benjamin Bloom da abokan aikinsa suka fitar a 1956, wannan yana matakin ƙasa ne. A ɗaya gefen kuma akwai tambayoyin darasin labari da ra'ayin ɗalibi, waɗanda ke buɗe ƙofa ga kowace amsa. Tambayar ciro natija tana tsakanin waɗannan biyun, kuma ita ce ta fi ƙaranci. Domin cike wannan giɓi muna ba da shawarwari kamar haka:

(a) A sanya ciro natija a matsayin manufa mai zaman kanta a ƙarƙashin auna fahimta, tun daga manyan azuzuwan firamare har zuwa ƙarshen sakandare, a kuma nuna matakinta a kowane aji.

(b) A fara da atisayen rukuni uku. Bayan an karanta nassi, malami ya kawo maganganu, ɗalibai su raba su zuwa wadda nassi ya tabbatar, da wadda nassi ya ƙaryata, da wadda nassi bai ce komai a kanta ba. Rukuni na uku shi ne zuciyar darasin, domin yana koya wa yaro cewa “ba a faɗa ba” amsa ce cikakkiya.

(c) A yi amfani da abin da yara suka sani, kamar karin magana da dokokin makaranta da ƙa'idojin wasa da cinikin kasuwa, kafin a kai su ga nassoshin da ba su saba da su ba. Sakamakon gwajin Griggs da Cox yana goyon bayan wannan tsari.

(d) A darasin nahawu, idan an zo kan “duk” da “wasu” da “idan” da “sai” da “matuƙar” da “kawai”, kada a tsaya a kan rukuninsu da gurbinsu a jimla. A nuna abin da kowace take wajabtawa da abin da ba ta wajabtawa.

(e) A darasin fassara a ja hankalin ɗalibai ga waɗannan kalmomi, domin jimlar sharaɗin da ba makawa tana iya komawa ta sharaɗin da ya wadatar idan mai fassara ya yi sakaci da “sai”.

(f) Masu tsara tambayoyin jarrabawa su gina kowace amsa marar daidai a kan kuskure sananne, wato ƙarin gishiri, ko juya magana baya, ko shigo da bayani daga waje, ko rikita kaso da adadi. Ta haka amsar da ɗalibi ya zaɓa za ta nuna wa malami inda matsalarsa take.

(g) Kwalejojin ilimi su sanya wannan a cikin horon malaman Hausa, a kuma riƙa neman malami mai koyon aiki ya tsara tambaya ɗaya irin wannan a kowane darasin auna fahimta da zai gabatar.

Wajibi ne mu yi gargaɗi guda. Wannan tsauri na tsayawa a kan lafazi bai dace da kowane karatu ba. A nazarin waƙa da zube da wasan kwaikwayo ana son ɗalibi ya gano habaici da zambo da abin da aka sakaya, kuma hira ba ta yiwuwa sai da irin fahimtar da Grice ya bayyana. Abin da ake so shi ne ɗalibi ya mallaki hanyoyin biyu, ya kuma san lokacin da kowace take aiki.

8.0 Kammalawa

A wannan maƙala mun bayyana tsarin jarrabawar GMAT, mun kuma nuna cewa tambayar ciro natija tana neman maganar da nassi ya wajabta, wadda in an musa ta nassin zai rushe. Mun ga cewa nauyin hujja yana kan kalmomin adadi da na sharaɗi, kuma Hausa tana da su, da karin maganar da ke bayyana su, da keɓaɓɓun kalmomin da malaman manɗiƙi suka bari. Kaɗan ne daga cikin ɗalibanmu za su zauna wannan jarrabawa, amma dukkansu za su karanta takardun rance da sharuɗɗan aiki da alkawuran 'yan siyasa. Aikin da ke gabanmu shi ne mu tsara nassoshi da tambayoyi na gwaji ga kowane aji, a gwada su a makarantu, sannan a shigar da waɗanda suka yi inganci cikin littattafan karatu da jagoran malamai.